Ƙugiya Huɗu a Gadon Baya

Litinin, ƙarfe goma na safe

Yarinyar nan likitar gashin jiki ta ce in riƙa rubutu kullum, ko layi uku ne, wai don yatsun dama su tuna aikinsu. To ga shi ina yi. Tsohuwar rajistar ɗalibaina na juyo ta baya. Dubi rubutu don Allah, kamar kaza ta yi tono. Ni Furera, da matan aure ashirin da uku suke kawo wa littattafansu in gyara musu baƙi.

Yau kwana goma sha tara da aka dawo da ni gida daga asibiti, ɓarin dama a shanye. Abin da ya faru a bakin murhu ba zan rubuta shi ba. Mutanen garin nan sun riga sun ba da labarin, har da ƙarin da ni mai abin ban sani ba.

Abin da zan rubuta shi ne na iya ɗaura zani da hagu, in na jingina ƙuguna da bango. Na iya sa riga da hijabi. Alwala da wanka da kewayawa duk ni nake yi wa kaina, alhamdu lillahi. Abu ɗaya ne ya gagare ni, rigar mama. Ƙugiya huɗu gare ta, kuma duk a gadon baya, inda mai hannu biyu ma sai ta yi ta lalube. Wanda ya ƙirƙiro wannan abu namiji ne, na rantse, kuma bai taɓa yin bazara a ƙasar Kano ba.

Kuma ba zan iya zama babu ita ba. Ni ba ƙaramar mace ba ce, tun haihuwar 'yata Larai jikina ya buɗe bai koma ba. In na wuni ba ita sai bayana ya riƙe, fata ta kwanta kan fata, kafin la'asar wurin ya saɓule da gumi. Balle in fita haka in tsaya gaban ɗalibai.

Saboda haka kullum da safe sai Khairiyya ta shigo. Matar ɗana. Ta turo cikinta wata takwas ta tsaya a bayana, ni kuma in kafa wa bango ido. Ta ce, "Inna, ja numfashi," ta maƙala. Ni da ko ruwa ba na sha a gabanta.

Talata, bayan azahar

Sun yi zama a kaina a zaure, sun ɗauka barci nake. Malam Uwaisu ƙanen marigayi maigidana, shi ne babba a gidan yanzu, sai kuma Ɗanliti. Ɗanliti ɗana ne na fari, tun da na haife shi maganar da ke tsakaninmu ba ta wuce an tashi lafiya ba, sauran saƙo sai ta bakin matarsa.

Maganar ita ce Juma'a ta uku daga yau 'yan'uwan Khairiyya za su zo daga Gezawa su tafi da ita goyon ciki. Haihuwar fari ce, dole ta yi ta a gida, ban ce a'a ba. In ta tafi babu sauran mace a sashen nan sai ni.

Suka kira ta bakin zaure. Na ji Uwaisu yana cewa, "Khairiyya, ki gaya mana tsakani da Allah, tana iya yi wa kanta komai?"

Ta ce, "Saura abu ɗaya, Baba."

"Mene ne?"

Shiru. Yarinya ta rasa bakin magana. Can sai ya yi gyaran murya ya ce, "Na gane, na gane. Ba sai kin faɗa ba."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Yau Uwaisu ne ya san abin da ke ƙarƙashin rigata.

Suka yanke wai ranar da aka tafi da Khairiyya ni ma a kai ni Ungogo, gidan 'yata Larai. Ciki da falo na haya, bulo ta ko'ina, ƙofar ƙarfe a kulle, ga suruki yana shige da fice. Wai zuwa Khairiyya ta yi arba'in. Na san irin wannan kaiwar. Mata biyu na sani a garin nan da aka kai birni haka, ko ɗaya ba ta dawo ɗakinta ba. Ajina kuma a ba wata.

Ba inda za ni. Amma in dai akwai abin da sai an yi min, ba ni da bakin cewa haka.

Laraba, la'asar

Zafi. Ƙugiya ta uku ta ci min fata. Miya ba gishiri.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

Na ce wa Khairiyya ta bari tukuna, ina lazimi. Ƙarya nake, gwadawa nake so in yi. Na kawo ƙugiyoyin gaba yadda wasu suke yi, in maƙala sannan in juya. Hagu ta riƙe nata ɓangaren. Dama ta kama, ta saki. Ta kama, ta saki. Na sa haƙori, bai kai ba. Na rataya gefe ɗaya a ƙusar bayan ƙofa na ja, sai ƙusar ta fito da ƙasa.

Na zagi hannun nan, Allah ya yafe min. Shekara hamsin da huɗu yana daka yana tuƙi yana riƙe allo, yau ɗan ƙarfen da bai kai ƙwayar gero biyu ba ya fi ƙarfinsa.

Ƙarshe dai, "Inna, ja numfashi."

Asabar, hantsi

Na aika aka kira min Sadiya dillaliya. Ta zo ta zazzage jakarta a kan tabarma, jajaye da koraye da masu leshi, kamar za ni ɗakin miji.

Na ce, "Sadiya, buɗe kunnenki. Wadda ba ƙugiya nake so. Ba waya a ƙasanta, ba soso a ciki. Hannunta mai faɗi, ba irin igiyar nan da take yanka kafaɗa ba. Kuma yadin ya zama auduga mai shan gumi, kar ki kawo min mai santsin nan kamar leda."

Ta ɗago wata mai soso tana kaɗawa. "Malama, wannan fa ita ake yayi."

Na ce, "Ki dube ta, ki dube ni. Kofin shayi kika kawo wa mai neman ƙwarya."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Wallahi Malama masu jikinki kamfani ba ya tunawa da su. In an samu babbar lamba ma sai ki ga ƙugiya biyar."

Ita wai abin dariya ta faɗa. Rabin matan garin nan jikina gare su, kowacce a daure take wuni da waya a haƙarƙari, ba wadda take magana.

Ban san lambata ba, shekara da shekaru da ido nake saye. Sai ta yagi bakin tsohon zani ta zagaya ni da shi, ta yi ƙulli ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Ta ce ran kasuwa za ta duba wajen 'yan gwanjo. Tana tattara kaya ta rage murya wai akwai wani mai maganin hayaƙi a bayan dam, abin nan nawa ba na asibiti ba ne. Na ce ta ja min ƙofa.

Litinin, bayan la'asar

Uwaisu ya shigo dubiya da littafi a hammata. Ya zauna bakin ƙofa ya yi ta karanto min hukuncin wanda alwala ba ta zama masa, yadda zai yi salla, wai addini sauƙi ne. Ni ya zo koya wa babin alwala. Na zo gidan nan ko gemu bai fara ba. Na bar shi ya gama, na ce Allah ya ƙara sani.

Matan da suke zuwa gaishe ni kuma sai su riƙa ɗaga murya, suna kallon gefen bakina. Kunnena lafiyarsa ƙalau.

Iska ta taso daga gabas, aka fara murna, ta watse. Maza suna ta kai taki gona, ƙasa kamar tanda.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Dole in rubuta wannan.

Sadiya ta aiko da rigar. Baƙa, ba ƙugiya, irin ta masu guje-guje, ta ka ake zira ta. Da na miƙe ta na ga ta yi ƙanƙanta, amma na ce ai roba ce, za ta buɗe. Na jira Khairiyya ta shiga kicin bayan azahar, na tura ƙofa. Kai ya shiga. Hagu ta shiga. Na kamo dama na cusa, sai abin ya naɗe kamar igiya, ya shaƙe ni daga hammata zuwa wuya. Ba ta sauka, ba ta fita. Gumi ya jiƙa ta, ta ƙara kamawa. Hannu ɗaya a sama, fuskata a rufe, ɗaki yana juyawa. Na ji irin jirin ranar nan.

Na yi tsoro. Zan faɗa sau ɗaya, na yi tsoro ƙwarai.

Ban san lokacin da na kira ta ba. Ta shigo da gudu da wannan cikin, ta same ni a durƙushe a yadda ko uwata ba ta gan ni ba tun da na girma. Ta ɗauko almakashi ta yanke ta. Ɗanliti ya jiyo hayaniya yana tambaya daga tsakar gida, ta ce, "Kar ka shigo! Kar ka shigo!" Ta dunƙule tsumman a cikin zaninta ta fita da shi a ɓoye, ta bi ta gabansa.

Da ta dawo tana min fifita sai na gaya mata wata magana. Ba zan rubuta ta ba.

Laraba, safe

Ta zo ta maƙala. Ba ta ce in ja numfashi ba.

Alhamis, safe

Haka dai.

Larai ta bugo waya. "Inna, na share miki falo, na sa labule ta tsakiya." Na ce ta cire labulenta, kar ya yi datti a banza.

Ɗanliti ya aiko da shimfiɗar leda wai a sa min a kan katifa. A wannan zafin. So yake in dahu kenan. Na sa an rufe buhun masara da ita.

Asabar, azahar

Uku daga cikin ɗalibaina sun zo. Wai Malam Uwaisu ya ce su fara zuwa wajen amaryar ɗansa, ta yi makaranta a birni. Yarinyar da take karanta izu kamar ana korarta. Juwairiyya, wadda ta fara da ni tana da jika, saura izu huɗu ta sauke, ta ce, "Malama, mu dai ke muke jira." Na ce su jira ɗin.

Da suka fita na ɗauko Ƙur'ani na karanta shafi guda a bayyane, ƙofa a rufe. Wasu haruffan sun fito. Sauran za su fito.

Saura kwana shida.

Litinin, la'asar sakaliya

Yau Khairiyya ta je awo. Tun ƙarfe goma ya kamata ta dawo, sai ga ta bayan azahar, ƙafafu a kumbure, leɓe a bushe. Na buɗe baki zan fara faɗa, ta ajiye min leda a gabana.

Ashe ta karɓi tsumman awon nan wajen Sadiya. Daga asibiti ta hau adaidaita ta shiga kasuwar birni, ita kaɗai, da wannan cikin, cikin wannan ranar. Rumfa bakwai ta shiga. Duk maza ne masu sayarwa, wani har yana tambayarta ko buhu take nema. A ta takwas ta samu wata mata.

Guda biyu ne, ruwan ƙasa. Auduga mai laushi, hannu faɗin yatsa uku, ƙasanta roba mai faɗi wadda ba ta naɗewa. Ba ƙugiya, ba waya, ba soso.

Na ce, "Ba zan ƙara zira kaina a wani abu ba."

Ta ce, "Ba ta ka ake sawa ba, Inna. Matar ta ce ta ƙafa. Ki zauna bakin gado, ki zira ƙafafu kamar siket, ki ja ta sama. In ta zo ƙugu ki fara sa hannun da yake... ki fara sa dama, sannan hagu. Ta ce a ɗauki wadda ta ɗara awon kaɗan, wai a bazara jiki yana ƙaruwa. Kuma a barbaɗa hoda tukuna."

Na ce, "Wa ya aike ki? In da kin faɗi a hanya me zan gaya wa uwarki?"

Ta ce, "Ba na so a kai ki Ungogo." Ta fita.

Na rasa inda zan sa fushina.

Talata, ƙarfe takwas da rabi na safe

Ta shiga.

Gwaji na huɗu. Ta tsaya a cinya sau biyu, na zage ta, na tashi tsaye na karkaɗa. Khairiyya tana ɗakin, amma na ce ta juya baya, kuma ko na faɗi kar ta taɓa ni. Da hannun hagu ya shige na tsaya ina jiran inda za ta cije ni. Babu. Na ja numfashi don kaina, har ƙasan ciki.

Na ce, "Je ki gaya wa mijinki abu ɗayan nan ya warware."

Laraba, bayan la'asar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ta gaya masa. Shi kuma ya gaya wa Uwaisu, Uwaisu ya ce mata ne, rufa wa juna asiri suke, irin wannan lalura ba ta warkewa a kwana ɗaya, tafiya tana nan jibi. Na ce wace lalura kuma?

Ɗazu Ɗanliti ya dawo daga birni ya ajiye wata babbar baƙar leda a bakin ƙofata, bai ko yi sallama ba. Ya ce wa Khairiyya a ba ni, saboda zaman mota. Na buɗe.

Famfas. Na manya. Da hoton wata tsohuwa a jiki tana murmushi.

Sai yanzu na gane abin da Uwaisu ya gane. Babin alwala. Shimfiɗar leda. Tsumman da aka fita da shi a ɓoye. Sati biyu da kwana ɗaya maza biyu suna zaune a zaure suna tausayina a kan abin da ba shi ba ne, ba wanda ya iya buɗe baki ya tambaya. Kuma wa ya san wa da wa suka gaya wa. Shi ya sa aka ce a ba wata ajina, wai kar in zauna gaban Ƙur'ani.

Khairiyya tana ta kuka, wai laifinta ne da ba ta faɗa ba. Ta yaya za ta faɗa? Ni ma ai ban faɗa ba. Mun taru mu huɗu muna ta jin kunyar juna, saura ƙiris kunyar ta ɗauke ni daga ɗakin da na shekara talatin da shida a ciki.

Ban ci tuwo ba.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Na shirya da kaina. Na ɗauki sanda, na rataya baƙar ledar a hagu, na jefa tsohuwar rigar maman a ciki. Suna zaure suna maganar motar gobe. Na yi sallama na shiga, abin da ban taɓa yi ba in suna zaune.

Na zazzage ledar a tsakiyar tabarma. Na ɗago tsohuwar da bakin sanda.

Na ce, "Uwaisu, ka san wannan?"

Ya ɗaga kai yana kallon azara. "Subhanallahi, Yaya Furera."

"Ba a sama take ba, ga ta nan. Rigar mama sunanta. Rigar nono, in ba ka gane ba, tunda kai gwanin ganewa ne. Ka ga ƙugiyoyin nan? Su ne abu ɗayan. Su kaɗai. Alwalata tana nan daram, ta fi taka zama. Yanzu na samu wadda ba ƙugiya, ni na sa wa kaina, tana jikina yanzu haka. Ko sai an kawo shaidu?"

Ya ce, "A'a, a'a, wallahi an yarda." Ya tashi yana laluben takalmi, ya sa na Ɗanliti ƙafa ɗaya, wai an kira salla. Ba a kira ba.

Saura ni da wancan. Kansa a ƙasa. Na dube shi sosai, rabona da in dube shi haka tun yana goye. Ashe har ya fara furfura.

Ya ce, "Inna, ki yafe min. Ni duk tunanina kar ki tozarta ne. Da na sani ai da ni zan..."

Na ce, "Da kai za ka me?"

Na ce ya kwashe kayansa ya kai wa mai bukata, kuma ya buga wa Larai ya ce ba na zuwa.

Na dawo ɗaki na ja ƙofa. Na ji kunya, ƙarya ne in ce ban ji ba. Amma ina ɗakina.

Juma'a, hantsi

Sun zo sun tafi da ita. Kafin ta fita ta shigo ta durƙusa. Na ba ta turmin atamfa da daddawar da na ajiye. Na ce, "Maganar nan da na gaya miki ranar almakashi." Ta ce, "Wace magana, Inna? Ni ban ji komai ba." Maƙaryaciya. Allah ya sauke ta lafiya.

Gidan ya yi shiru da yawa.

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya

Na dawo daga aji. Mata goma sha tara suka zo.

Shirin ya ɗauke ni kusan minti arba'in, don hannun ya tashi da nauyi yau. Ɗaya kafaɗar rigar ta murɗe, na kasa warware ta, na ce ta zauna a haka, ba mai gani. Duk tsawon lokacin ina jin ƙarar ƙarfe a tsakar gida, ƙwal, ƙwal. Ɗanliti da yake fita tun ƙarfe bakwai, yau wai babur ɗinsa ya lalace, kuma bai ga wurin gyara ba sai daidai ƙofar ɗakina.

Na ɗaga labule na fito da hijabina da littafina. Ya miƙe zumbur, sifana a hannu.

"Inna, kin fito?"

Na ce, "A'a, ina ciki. Janye min wannan abin daga hanya, na makara."

Ya janye. Na bi ta zaure a hankali, ni da sandata, ban waiwaya ba. Sai da na sha kwanar masallaci na jiyo ya tayar da babur ɗin. Bugu ɗaya ya tashi.